Irin Gyada da Saiwar Bado

Ƙas, ƙas. Ƙarar ɓawon gyada ke nan tsakanin yatsun kakata Dije, kuma da mun ji ta bayan sallar magariba mun san an fito da iri. A gidanmu na Tozai, duk shekara idan zafi ya kai zafi, hadari ya fara leƙowa ta gabas, sai Kaka ta sa a sauko da gyadar shuka daga rumbu. A shimfiɗa tabarma kusa da murhu inda garwashin tuwo bai gama mutuwa ba, mu jikoki mu kewaye ta da ƙorai muna ɓara.

Dokarta ɗaya ce: iri ba a ci. Ta kuwa san halinmu, shi ya sa a irin waɗannan ranaku ba ta yin tatsuniya sai mai waƙa, wadda dole kowa ya amsa. Duk wanda ba ta ji muryarsa ba, ta san abin da ke bakinsa. Ni ta fi kamawa. Sai ta tsaya cak ta ce, "Ke 'yar nema, mi kike tauna? Buɗe in gani." In haɗiye da sauri, hawaye na zubo mini, sauran suna dariya.

Wadda ta fi yi mana ita ce ta matar bakin tafki. Wata shekarar yunwa, in ji Kaka, akwai wata mata da ɗanta guda, ba ta da komai sai ƙoƙo ɗaya na irin gyada da ta liƙe bakinsa da toka. Kullum da safe sai ta shiga tafki ta tono saiwar bado, ta dafa, ta ba yaron ya ci har cikinsa ya yi tim. Da yamma ta goya shi tana waƙa. Nan Kaka za ta rera, "Ɗana ya ƙoshi?" mu amsa, "Ya ƙoshi, bai yi nauyi ba." Gyadar da ke cikin ƙoƙo ta riƙa kiran matar tana cewa a ba yaron ita, akwai mai a jikinta, akwai abin da ke zama tsoka. Matar ta ce a'a, a dai jira ruwa ya sauka.

Haka aka yi ta yi. Cikin yaro na cika, goyo na ƙara sauƙi. Ran nan za ta shiga ruwa, ba wanda zai riƙe mata shi, sai ta ɗora shi a kan ganyen bado. Ganyen ko lanƙwasa bai yi ba. Iska ta taso ta tura shi can tsakiyar tafki, tana kallo, ba ta iya iyo ba. Iskar nan ita ta kawo ruwan farko. Matar ta shuka irinta, gyada ta yi kyau har rumbu ya cika, ba mai ci.

Na taɓa ce wa Kaka, to ai ke ma hana mu kike yi. Ta harare ni ta ce, "Ku da kunka cika ciki da tuwo har kuna gyatsa? Ke in na goya ki sai bayana ya amsa. Ran da na ɗauki ɗayanku na ji ba nauyi, ni da hannuna zan soya muku irin ga, gona ta kwana."

Da na shiga sakandare, malamarmu ta zana mana zancen a allo. Gyada tana da mai da sinadarin gina jiki. Saiwoyin da ke girma cikin ruwa kuwa yawancinsu gari ne da ruwa, suna kashe yunwa amma ba sa gina yaro. Na rubuta, na haddace, na ci jarrabawa. A zuciyata na ce, Kaka ta riga ki.

Yanzu ina aure a Illela, 'ya'yana biyu, Hafsa mai shekara shida da Sadiku da na yaye bara. Babansu kaya yake kaiwa Konni ya komo da wasu. Tun lokacin da aka rufe iyaka jarinsa ya karye, ko da aka buɗe bai sake miƙewa ba, sai ya tafi kudu neman aiki. Abin da yake turowa ba ya kai mu ƙarshen wata. Da tafkin Kalmalo ya ja baya, mata suka fara kawo saiwar bado da araha, ita na koma dafawa. Sadiku yana sonta, yana ci ya yi barci. Ƙuli-ƙuli nakan samu ɗaya ko biyu in daka masa a kunu, ba kullum ba.

Na san abin da nake yi. Wannan ne ya fi ci mini rai. Ranar da na ji zanen goyo ya yi mini yawa, na kai shi asibitin unguwa. Ma'aikaciyar ta zagaya ɗamtsensa da ma'auni, ya tsaya a kan ja. Ta ce tamowa ce, abincin gyada na leda da suke ba irin yaran nan ya ƙare, suna jiran a kawo, in riƙa leƙowa. Ta ce kafin nan in dage da gyada da wake da ƙwai. Na ce to.

Gyada kuwa akwai ta a ɗakina. Tiya biyu ta iri, wadda babansu ya samo wurin wansa a Lafani don mu shuka bana. Kafin ya tafi, da kansa ya gauraya ta da jan maganin ƙwari ya toshe a jarka, ya ce ko ɓera ya taɓa sai ya mutu. Alheri ya nufa. Kullum ina sallah jarkar tana gefena.

Shekara da shekaru ina ɗaukar tatsuniyar Kaka a kan cewa ya kamata uwa ta san lokacin da ake fasa ƙoƙo. Na sha ce wa kaina, da ni ce ba zan jira ba. Amma toka Kaka ta sani, wadda ake kakkaɓewa a soya. Ba ta bar mini tatsuniyar matar da ta yarda ta ba da irin, irin ya ƙi ciwuwa ba. Sai addu'a, ita nake yi, Allah Ya sa motar asibitin ta iso, Ya sa babansu ya dace.

Jiya da la'asar na fito daga wanka na tarar Hafsa ta jawo jarkar tsakar gida, ta ajiye bokiti da sabulu. Ta ji abin da ma'aikaciyar ta faɗa, ashe ta riƙe. Na fizge jarkar, na wanke mata hannu har sau uku, na ce mata wannan ba ta wankuwa, sai dai a shuka, ta tsiro, a jira wata uku ko huɗu.

Ta dubi ƙanenta da ke kwance a kan tabarma, ta dubi sama, ba ko ɗigon gajimare. Sannan ta ce, "To mu shuka ta yau, Umma. Ni zan riƙa ɗebo mata ruwa. Ke dai ki ce wa Sadiku ya jira."