Hannun Ƙanen Mai Durom

Shekara ashirin Mai Durom ya yi yana yanka duroman da masana'antar sinadarai ke zubarwa, yana mayar da su murhu da kwandon shara. 'Yarsa ce ta taɓa karanta masa kalmar da ke jikinsu, fetirokemikal. Ta ce rabinta "dutse" ne a wani tsohon harshen Turai, rabi "sinadari", wato abin da ake tacewa daga man da ke kwance ƙarƙashin duwatsu. Ya ce ko daga ina ya fito, abin ba shi da mutunci.

Shi ma ɗin ba kanwar lasa ba ne, hannunsa ya riga bakinsa magana. Dokarsa ɗaya ce, ba a ɗora wa durom injin yanka sai an cika shi da ruwa ya tumbatsa, domin tururin da ya saura a ciki tartsatsi ɗaya yake jira.

Sai ƙanensa direba ya rasa aiki, ya zo ya raɓa a shagon. Wata ranar da aka ɗauke ruwan famfo ƙanen ya jijjiga durom, ya ji wayam, ya kunna inji. Mai Durom ya hango shi daga bakin ƙofa, ya san ihu ba zai keta ƙarar nan ba. Ya suri bututun ƙarfe ya sauke masa a dantse. Ƙashi ya ɓalle ya huda fata, jini ya wanke gaban rigarsa.

Tsohuwarsu ta iso ko mayafi babu, ta ci kwalar Mai Durom a gaban jama'a, ta ce ya nakasa ɗan'uwansa a kan gwangwanin banza. Maganar ta ƙona masa rai ƙwarai. Ya gangara da duromin zuwa filin bayan shago, ya kori mutane, ya cinna wa tsumma wuta ya jefa a bakin duromin daga nesa. Ƙarar ta zubar da gilasan shaguna uku, murfin ya tashi ya datse reshen bishiya. Tsohuwa ta zauna daɓas a ƙasa.

Hannun bai ƙara miƙewa daidai ba, har yau ƙanen ba ya gaishe shi. In aka yi wa Mai Durom zancen sulhu sai ya ce, "Ku bar shi ya yi ta gabarsa. Ai mai rai ne ke yin gaba."