Massaoudou Ya Mayar Mini da Jitata

Duk wanda ya bi ta unguwar Albarika a Parakou da hantsi ya san rumfar. Massaoudou kan iso bisa tsohon kekensa, ya jingine shi a gindin mangwaro, ya share gaban rumfa da kansa, sannan ya shimfiɗa bargo a kan tebur don kada kayan mutane su kurje. Ya jera magagarai manya da ƙanana, ya jona ƙarfen narka dalma a wuta, ya fasa goro. Rediyo da ampili, na'urar ƙara sauti, yake gyarawa ya ciyar da iyali, amma jita ce aikinsa na gaske.

Yana da doka guda wadda ta ɓata masa da mutane da yawa. Ba ya taɓa jita sai mai ita ya zauna a gabansa ya kaɗa. Kuma ba sauraro yake ba, yatsunka yake kallo. In ka aiko da ita ta hannun wani, haka za ta koma maka, ko akwatin ba zai buɗe ba. Masu kiɗan coci na Kpébié sun san haka, 'yan kiɗan biki na Zongo sun san haka. Lado mahauci shaida ne cewa ɗan abin nan da tsirkiya ke kwanciya a kai, can saman wuyan jita, Massaoudou ba ya yarda da na roba. Zuwa yake mahauta ya zaɓi ƙashin ƙwaurin bijimi, ya juya ya ƙwanƙwasa kamar mai zaɓen suruki, ya dafa, ya shanya, ya sassaƙa. Lado ya ce shi kaɗai ne mutumin da ke wuce nama ya yi ta cacar baki a kan ƙashi.

Ni da nake wannan magana, Ukasha ne mai jita na Titirou. Ban taɓa zama a bencin makaranta ba. Matar ɗana Latifa ce ke riƙe da biro, kuma na gargaɗe ta kada ta sassauta mini kalma ko ɗaya. Babbar mota ta kife da mu a hanyar Djougou, na fito da ƙafata. Kwalara ta share rabin layinmu, ta tsallake ni. Tun ina da baƙin gashi, babu 'yar gidan fataken goro da ta bar gidan ubanta, daga Parakou har Djougou, ba da kiɗana a bayanta ba. Al'adarmu ce, jita ke fito da amarya daga ɗaki. Ku tambaya ku ji.

Jitar tawa kuwa ba irin ta kasuwa ba ce. Alhaji Abubakar Sadiƙ, babban ɗan goro na Djougou, shi ya sa aka kawo mini ita daga Turai bayan na rako autarsa. Ta lantarki ce, mai nauyi, launin zuma. Tun ba ka jona ta ba, in ka taɓa tsirkiya sai ka ji itacen yana rawa a haƙarƙarinka. Mikiro biyu gare ta masu ɗaukar sautin tsirkiya: na wajen wuya muryar dattijuwa gare shi, mai kauri, mai lallashi. Na ƙasa kuwa kaifi, ya ratsa ganguna goma ya fita. Sautinta ba ya mutuwa da wuri, sai ka saki tsirkiya ka gyara hula yana nan yana tafiya.

Bara waccan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ni ina alwala. Aka ce shi ke nan. Na tashi, kamar yadda na saba. Sai dai hannun hagu, mai danne tsirkiya, yatsu biyu suka dawo aiki, biyu suka ƙi.

Duk tsawon jinyar, matata Hadjo kan murza mini hannun da man kaɗanya. Abin da ya rage a tafinta sai ta goga wa jitar, wuya da tsirkiya da mikiro, don kada ta bushe. A wurinmu abin da ake so shi ake shafa wa mai: jariri, fatar ganga, takalmin salla. Haka damina biyu suka wuce a kanta a ɗakin kwano.

Da aka sa ranar bikin jikata Mu'minat a Djougou, na ciro ta na jona. Wallahi kamar ana dukan kwali. Wuyan ya lanƙwashe, tsirkiya ta tashi sama, yatsuna biyu suka danna suka danna ba ta sauka ba. Iliassou, wanda na koya wa kiɗa kuma yake jan ƙungiyarmu yanzu, ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, za mu sa maka kujera a gaba, ka sa babbar riga. Ni zan fito da amarya.”

Kujera! Ni!

Mu'minat ta bugo waya. “Tsohon mijina, sakina ka yi ne? In ba kai ka kaɗa ba, ina nan cikin ɗaki. Ango ya auri Iliassou.”

Na yi dariya kawai. Washegari na hau zem, babur ɗin haya, zuwa Albarika.

Massaoudou ya buɗe akwati, ya sunsuna. “Yaya Ukasha, jita ka kawo ko ƙosai za mu soya?”

“Aikin Hadjo ne. Gyara kawai.”

“Zauna ka kaɗa.”

“Ba ka ga hannun ba ne?”

“Shi nake son gani.”

Na kaɗa, abin kunya yana fita, masu jiran rediyo suna kau da kai. Shi ko ƙiftawa bai yi ba. Da na tsaya ya tauna goronsa ya ce, “Yatsu biyu. Sun isa. Da ma lokacin da kake da huɗu, rabin aikinka burga ce.”

Na ce masa ubansa bai taɓa jin kiɗa irin nawa ba. Ya ce gaskiya ne, tsohon ya rasu da kunnensa lafiya.

Ya kwance ta gaba ɗaya. Ya wanke maiƙon daga kowane lungu da tsinke da ƙyalle. Akwai wani ƙarfe a cikin wuyan jita, ya riƙa juya shi kaɗan kaɗan, ya bar itacen ya huta, ya sake, har wuyan ya miƙe. Ya goge ƙarafan da ke jere a wuyan suka daidaita. Ya sassaƙa sabon ƙashi mai ƙasa-ƙasa, ya sa tsirkiya sirara. Kullum da safe sai na je, ya ɗora hannuna a kai, ya kalla, ya ƙwace, ya ƙara gogewa. Na yi masa faɗa cewa siririyar tsirkiya za ta rage mata murya. Ya ce, “Muryar tana cikin itace, Yaya. Kai dai kawo hannu.” A ƙarshe ya sauya ɗaurin tsirkiyoyin duka shida, ta yadda in na kwantar da yatsa ɗaya a kansu sai su amsa tare, ɗayan yatsan kuma ya yi yawo ya rera waƙa.

Ranar da ya gama, ban danna ba, taɓawa kawai na yi. Tsirkiya ta sauka kamar da ma jirana take. Sautin ya fito wasai, kamar tasar tagulla da aka buga a gida mai shiru, ya tafi, ya tafi. Mai sayar da doya a tsallaken titi ta ajiye wuƙarta.

A Djougou, bayan la'asar, tsakar gida ta cika maƙil. Kujerar tana nan an sa mini, na ce a ba wani tsoho. Na tsaya da ƙafata a bakin ɗakin amarya, na juya zuwa mikiro na wajen wuya, na fara a hankali. Da na haura sama na koma kan mai kaifin nan, Hadjo ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka, labule ya motsa. Mu'minat ta fito a lulluɓe, tana kuka tana dariya, ta tsaya daidai kafaɗata ta ce, “Ashe da sauranka, tsoho.” Na raka ta har bakin mota ban kuskure ko sau ɗaya ba. Da yatsu biyu! Wanda ya ce ƙarya nake, Djougou ba nisa.

Massaoudou, kai ne ka yi wannan. Ni na kaɗa, kuma babu mai kaɗa shi kamar ni, amma kai ne ka sauko da tsirkiya ta same ni inda ciwo ya bar ni. Kai ne ka zage ni kullum safiya don kada in ji tausayin kaina. Gwanin Albarika, mai baƙar magana da farin aiki. Na gode. Hadjo ta gode, ko da yake har yau ta ce man bai yi laifi ba.

Yanzu idonsa ya fara gajiya, ya ce ƙarshen damina zai rufe rumfa ya koma gida Djougou. Ku masu gyara, na mota ne ko na waya ko na keken ɗinki, ku je ku zauna kusa da shi tun yana nan, ku ga yadda ake aiki saboda mutum. Iliassou ma ya zo gidana da ƙwaryar goro, wai in koya masa sabon ɗaurin nan, don duk amaren bana irin wannan kiɗan suke tambaya. Na karɓi goron. Na ce masa ya ɗauki jitarsa ya tafi Albarika, ya shirya shan zagi.