Ƙarfe Takwas a Littafin Sa Hannu

Ƙamshin ƙasa ne ya fara shigo mana ta taga, don an yi yayyafi da hantsi, sai warin hayaƙin janareta ya biyo baya ya danne shi. Har yau in waɗannan biyun suka haɗu a hancina, sai in ji tafin hannuna ya jiƙe.

Watana huɗu ke nan da kama aiki a wani kamfanin sayar da iri da maganin feshi a Gyaɗi-Gyaɗi, ban ma fita daga watannin gwaji ba. Ni ce ƙarama a ofis, ni kaɗai kuma na karanci kwamfuta. Shi ya sa da Alhaji mai kamfanin ya dawo daga wani taro yana ta zancen ƙirƙirarriyar basira, wadda kowa ke ce wa AI, aka ce in shirya in wayar wa manajoji kai. Kwana uku na yi ina shiri. A cikin adaidaita sahu daga Tarauni nakan yi ta bitar abin da zan faɗa, ina kallon gajimare a cikin ruwan da ya kwanta gefen titi. Har kwatance na tanada: zan ce musu ita kamar yarinya ce da ta haddace littattafan duniya, amma ba ta taɓa leƙa ƙofar gida ba.

Manajoji huɗu ne a ɗakin taro, Alhaji na biyar. Da farko abin ya yi daɗi. Na haɗa kwamfutata da majigi, na ce ta rubuta wasiƙa zuwa ga dillalanmu na ƙauye. Kafin manajan kasuwanci ya gama motsa shayinsa ta gama.

"Ikon Allah," in ji shi. "Wannan tana zuwa biki?"

"Ba ta zuwa, Yallaɓai."

"Suna fa? Gaisuwar mutuwa?"

"Ba ta zuwa."

"Alhaji, ga ma'aikaciyar da kake nema tun tuni."

Aka yi dariya, har da ni. Dariyar ba ta gama sauka ba manajan ma'aikata ya turo mini wani babban littafi mai baƙin bango ta kan tebur.

"Tunda ta iya karatu, a ba ta wannan," ya ce. "Alhaji ya ce a rage mutum ɗaya ƙarshen wata. Ta duba ta gaya mana wa ya fi kowa makara. Ita ba ta da ɗan'uwa a nan, ba wanda zai ce an yi son kai."

Littafin sa hannu ne, wanda ke ajiye a bakin ƙofa, kowa ya rubuta sunansa da lokacin da ya iso. Sai dai a ofishinmu lokaci ɗaya ne ake rubutawa. Ranar da na fara aiki na rubuta takwas da minti ashirin, wata abokiyar aiki ta zungure ni ta ce, "Ke, tona mana asiri za ki yi? Takwas ake sawa." Ko ƙarfe goma mutum ya zo, takwas zai sa. Daga ranar ni ma na bi sahu.

Mutum ɗaya ce ba ta bi ba. Mama muke ce mata, 'yar kudancin Kaduna ce, ita ke kula da fayil-fayil. Mahaifin Alhaji ne ya ɗauke ta aiki a shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, lokacin ko haihuwata ba a yi ba. Daga Unguwa Uku take zuwa. Takan tsaya a gaban littafin, ta ɗaga hannu ta dubi ɗan agogonta, ta rubuta abin da ta gani: takwas da minti bakwai, takwas da kwata. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, "'Yata, hannuna ne bai iya ba." Kuma yawancin ranaku tana riga kusan kowa zuwa.

Na san sunan da zai fito tun kafin in buɗe littafin. Na ɗauki wayata ina ɗaukar hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya. A raina ina roƙon Allah janareta ya mutu, ko sabis ya ɗauke kamar yadda ya saba ɗaukewa in ana tsananin bukatarsa. Ranar babu abin da ya ɗauke. Ta bayan ƙofa ina jiyo Mama tana jan durowar ƙarfe, tana rera waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa.

Sunanta ya fito a jikin bango, manya-manyan baƙaƙe. A ƙarƙashinsa na'urar ta jera ranakun da ta makara, ta ƙara da cewa bisa ga littafin, sauran ma'aikata duk suna zuwa a kan lokaci.

Alhaji ya jingina da kujera. "To, kun dai gani. Ba ni na faɗa ba."

"Na'ura ba ta ƙarya," in ji manajan ma'aikata.

Kwatancen yarinyar nan da na tanada ya gudu ya bar ni. Da ƙyar na ce, "Ranka ya daɗe, ita abin da aka ba ta kaɗai ta sani."

"Ai littafi muka ba ta," in ji Alhaji.

"Haka ne."

"To littafin ne ke ƙarya?"

Na dubi manajojin. Kowannensu ya haife ni, kowannensu kuma takwas ɗinsa na nan a jere a shafin da ke gabana, da hannunsa. In na ce e, na ƙaryata iyayena huɗu a gaban ubangidansu, ba haka aka tarbiyyantar da ni ba. In na ce a'a, ƙarshen wata Mama za ta tattara kofinta da ɗan matashin kujerarta ta tafi, kuma yatsuna ne suka buga tambayar. Na tuna Innata da ta bi maƙwabta gida-gida tana faɗin na sami aiki.

Ban san lokacin da na jawo littafin na buɗe shafin ranar ba. Na ɗora yatsa a kan sunana.

"Ranka ya daɗe, ga nawa nan. Takwas na rubuta. Tara saura kwata na iso. Da na iso, Mama na tarar a kujerarta, har ta share teburinta."

Tunda ba wanda ya hana ni, na juya ga kwamfutar na rubuta mata abin da ban gaya mata da farko ba: cewa a nan akwai masu rubuta takwas ko yaushe suka zo, ni ma ina ciki. Amsa ta sauya a gaban idonsu. Ta ce in haka ne, littafin ba zai nuna wanda ya fi makara ba, sai dai wanda ke rubuta lokacinsa na gaskiya, kuma bai kamata a yanke hukunci kan aikin kowa da shi ba.

Alhaji ya karanta a hankali, leɓɓansa na motsi. Sannan ya juya ga manajan ma'aikata.

"Kai ƙarfe nawa ka zo yau?"

"Ranka ya daɗe, ka san titin Zariya in an yi ruwa…"

"Littafi ya ce takwas."

Ba wanda ya yi dariya. Alhaji ya rufe littafin da tafin hannunsa, ya miƙe. A bakin ƙofa ya waiwayo ya dube ni.

"Ke kuma, tunda da bakinki kika faɗa, ki jira takarda."

Kwana shida na yi ina jiranta. Ko ƙofa aka buɗe sai in ɗaga kai in duba. Abincin rana nakan mayar da shi gida yadda na zo da shi, in ce wa Inna ciwon kai nake yi. In na gaishe da manajoji, da ka suke amsawa. Da takardar ta zo na shiga banɗaki na buɗe ta: gargaɗi ne, an kuma ƙara mini wata uku a kan watannin gwaji. Na jingina da bango na yi kuka ba sauti, na wanke fuska na koma kujerata.

Ƙarshen wata ya zo ya wuce ba a sallami kowa ba, ba a kuma sake tayar da maganar ba. Ban gaya wa Mama komai ba. Wata safiya dai ta tarar da ni a gaban littafin ina rubuta takwas da rabi, ta leƙa ta kafaɗata ta ce, "A'a, 'yata, agogonki ya gyaru?"

Sai bayan shekara biyu, da Mama ta ajiye aiki don kanta ta koma gida wajen jikokinta, aka ce in kwashe tsofaffin fayil-fayil in shigar da su kwamfuta. A cikin na ofishin manajan ma'aikata na ci karo da takardar sallamarta, wadda ba a taɓa miƙa mata ba. Alhaji ya sa hannu, an buga hatimi. Dalilin da aka rubuta shi ne binciken na'ura ya nuna ta fi kowa makara. Kwanan watan da ke samanta kuwa ya riga ranar taronmu da kwana uku.