Bahago Ya Gyara Shamuwa

Shekara ashirin Bahago yana ɗaukar hoton amaren Agadas, kuma babu wadda ta fito daga ordinatarsa, wato kwamfutarsa, da fatar da ta shiga da ita. Shi yakan ce tausayi ne. Ni kuwa na ce bai taɓa yarda Allah ya gama aikin kowa ba.

Da damina, ƙoramar Telwa ta kawo ruwa, sai wata ƙungiya mai ƙirgar tsuntsaye ta nemi mai hoto. Bahago ya gaji da iyayen amare, ya ƙwallafa rai a kan aikin. Ya yini cikin taɓo har ya samu shamuwa a bakin ruwa. Ya ɗauke ta hoto, ya sa a ordinata ya share ledojin da ke gefenta, sai hannu ya ƙi tsayawa: ya haskaka bayanta, ya cika mata ƙafafu.

Madam Aissa, shugabar ƙungiyar, ta duba hoton.

"Malam Bahago, shamuwa baƙa ce. Wannan ai balbela ce da ta ƙoshi. Ina na asalin?"

"Madam, ba na ajiye na asali. Ango na iya gani."

Aka ba Saidou mai gyaran babur aikin. Da waya yake ɗauka, bai iya gyara hoto ko ɗaya ba.