Garin da Ƙanena Ya Maƙale

Ina killace a ɗaki a unguwar Danau Kota, can wata ƙasa ta gabas mai nisa, korona ta kwantar da ni, yaƙi ya ɓarke a Ukraine. Maigidana sai dai ya ajiye mini abinci a bakin ƙofa ya ja baya. Ƙanena kuwa yana Kharkiv yana karatun likita. A saƙonsa na ƙarshe ya ce ya kutsa jirgin ƙasa da ƙyar, za shi wani gari wai shi Lviv, kusa da iyakar Poland. Daga nan wayarsa ta daina shiga.

Umma ta kira daga Kano. A ganinta duk wanda ya bar Najeriya wuri ɗaya ya tafi.

"Ke da kike can, ki sa mijinki ya ɗauki mota ya ɗauko shi mana."

"Umma, kin fi ni kusa da shi fa."

"To mene ne amfanin zamanki a waje?"

Na rubuta sunan garin a waya. Na gaji da hotunan hayaƙi, sai na faɗa wani shafi na masu yawon buɗe ido. Wai tsohon gari ne mai titunan duwatsu da gumakan zakuna ko'ina. Wai sun shahara da gahawa da cakulan, kuma an binne kogi a ƙarƙashin gidan wasan kwaikwayonsu. Poland ta mulke shi, Austria ma, Tarayyar Soviet ma. A zo da rani, a hau hasumiya a kalli rufin gidaje. Ni kuwa ina leƙen hotunan ina neman inda baƙin yaro mara rigar sanyin kirki zai raɓe.

Na kira Umma na ce ta kwantar da hankalinta, garin ya ga yaƙe-yaƙe da yawa, gine-ginensa na nan tsaye.

"Gini na haifa?" ta ce, ta kashe.

Ina sallame azahar wata baƙuwar lamba ta shigo. Ƙanena ne, da wayar wata tsohuwa.

"Yaya, babu wuri a mota. Da ƙafa za mu ƙarasa iyaka. Kar ki gaya wa Umma."

Ban gaya mata ba. Duk kiran da ta yi sai na ce yana cikin mota, har ranar da ya tsallaka, yatsun ƙafarsa biyu sun mutu da sanyi. Har yau idan baƙuwar lamba ta kira, maigidana nake miƙa wa.