Ranar da Aka Danna wa Kalla Oda a Kwatano

Ku gyara zama, jama'a, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga Kalla ɗan Cima na Sabon Gida, guguwar kwalta, angon iska, mutumin da ya ɗaura wa ƙafafunsa taya takwas alhali ko keke bai taɓa mallaka ba! Sana'arsa dai lodin albasa ce a Madawa, buhu bisa kai tun safe har la'asar.

A Abijan ya fara ganin takalmin taya, shekarar da ya je cin rani, irin mai tayoyi huɗu a jere ɗaya. Ya sayo na gwanjo ya dawo da abinsa. Filin gudu kuwa babu, sai kwaltar da ta nufi Galmi, wadda yake rabawa da kamiyon albasa. In ya laɓe bayan babbar mota, ita ke sare masa iska, ya bi ta kamar an ɗaure shi da igiya. In kuwa ya ji oda, wato hon ɗin mota, a bayansa, gefe yake yi tun kafin ya yi tunani, don direban kamiyo ba ya taka birki saboda mahaukaci. Shekara shida yana haka, har abin ya bar kansa ya sauka cikin ƙafafunsa.

Wani ya ɗauke shi a waya, hoton ya yi yawo har Yamai, ya faɗa hannun Alƙasim, mai horar da 'yan tseren taya. A lokacin takalmin gwanjon ya mutu murus, tayoyin sun cinye har ƙarfe. Alƙasim ya ara masa na ƙungiya, ya tafi da shi gasar ƙasashe a Kwatano. Safiyar tseren ya dafa kafaɗarsa.

"Ka ji ni da kyau, ɗan Adar. Takalmin nan yara uku ke jiran sa a Yamai. In ka shiga cikin goman da za su rage a fili, naka ne, kana cikinmu. In ba haka ba, nan za ka kwance mini shi."

Kalla ya dubi ƙafafunsa ya ce, "Na jiya, malam."

Tseren irin na cire-cire ne. Mutum ashirin da huɗu a fili mai zagaye, har da shi, sauran daga Benin, Togo, Gana, Kodebuwa da Senegal. Duk zagaye biyu a cire mutum ɗaya: a kaɗa ƙararrawa, a zagayen da ya biyo wanda ya tsallake layi a ƙarshe alƙali ya ɗaga lambarsa a allo, ya fita. Kalla na da lamba goma sha bakwai. Sai ya ga bayan mutum goma sha huɗu kafin takalmi ya zama nasa.

Aka harba bindiga. Tun kwanar farko ya gane yau akwai aiki, don hanyar Galmi ba ta koya masa shan kwana ba. Su suna sarƙe ƙafa bisa ƙafa suna kwanciya hagu kamar gero cikin iska, shi yana lallaɓawa kamar mai ɗauke da ƙwai. A kwana su bar shi, a miƙe ya kamo su. Zagaye na huɗu ya hango wani ɗan Kodebuwa, dogo mai faɗin baya, ya ce a ransa, ga kamiyona. Ya lafe a bayansa, hanci kusa da rigarsa, iska ta daina dukan ƙirjinsa.

Ƙararrawa, allo, wani ya fita. Ƙararrawa, allo. Cinyoyinsa suka ɗauki wuta, bakinsa ya bushe kamar ya ci garin rogo ba ruwa. Yana ƙirgawa cikin ransa. Tara sun fita. Sha ɗaya. Sha uku. Saura su goma sha ɗaya a fili, mutum ɗaya kawai ya rage a cire, kuma Kalla na tsakiyar tawaga, lafiya lau bayan kamiyonsa.

Ashe cikin 'yan kallo akwai wani ɗan Benin da ya zo da odar babbar mota, ta gaske, haɗe da famfon iska, don ya zuga 'yan garinsu. Kalla na wucewa ta gabansa ya danna ta.

Wallahi Kalla bai yi shawara da kowa ba. Ƙafafun ne suka ja shi gefe, can bakin shinge, ya rage gudu yana jiran mota ta wuce. Abin da ya wuce shi mutum goma ne, fuuu, a jere. Ya waiga. Ba mota, ba direba, sai kwalta fayau.

Alƙasim ya kama shinge yana ihu: "Ina za ka, baƙauye? Wa ka ba hanya? Koma!"

Sai ƙararrawa.

Zagaye ɗaya ya rage, Kalla ne a bayan kowa, tsakaninsa da na gabansa, wani ɗan Togo, ya kai taku goma. Ya sunkuya ya tura. A miƙe ya cinye rabin tazarar. Kwana ta zo, ya sarƙe ƙafa irin yadda ya ga suna yi, tayar hagu ta goga ta dama, ya yi tangal-tangal, hannunsa ya kusa taɓa ƙasa, Allah ya tsare. Miƙe ta biyu ya ƙara matsowa. Kwana ta ƙarshe ya fito yana jin numfashin ɗan Togo, ga layi can gaba, ga kuma mai oda a daidai wurin, ya ɗaga famfo.

Kalla ya gan shi. Ya san abin da ke tafe, ya kuma san ƙafafunsa ba su da amana. Ya cije leɓe har ya ji gishirin jini.

Odar ta tashi daidai kunnensa. Duk jikinsa ya ce gefe. Ƙafar dama har ta fara karkata, ya fizgo ta da ƙarfin tsiya, ya kurma ihu ya danne ƙarar, ya tura sau uku, ya miƙa ƙafa ɗaya bisa layi. Shi da ɗan Togo suka tsallake tare.

Ba wanda ya tsaya, tsere na ci gaba. Alƙalai biyu sun haɗa kai bisa na'urar hoto. Kalla ya yi rabin zagaye wuyansa a murɗe, ido kan allo. Alƙali ya ɗaga. Lamba shida. Ɗan Togo ya dafe kai ya zare jiki.

A ƙararrawa ta gaba aka cire Kalla, na goma cif. Ya zube bakin fili, yana fizgar igiyar takalmi, ta ƙi kwantuwa. Alƙasim ya tsaya kansa yana huci.

"Ja a hankali, ɗan Adar. In ka tsinke ta, kai za ka nemo wata. Ba kayana ba ne yanzu."

Da ya dawo Madawa na tare shi bakin tasha, na ce zan rubuta shi duk Adar ta ji, daga Buza har Keita, ya gaya mini yadda zakara ke ji a ransa. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Mutum tara sunka riga ni. Tahi ka tambaye su."