Koren Biron Mama

Yayarmu ta shiga binciken ƙwaƙwalwa ne saboda kan Mama. Tun muna yara, in ciwon ɓarin kai ya taso wa Mama, sai a sauke labule, a kashe rediyo, ko cokali ka yar sai ka sha harara. Yaya ta rantse sai ta gano abin da ke kawo shi.

Yau shekara ashirin ke nan. Ta leƙa kan ɓeraye ba adadi, ta kafa wa mutane hula mai wayoyi, ta raba mijinta da turare. Duk wanda ya dafa goshi a gabanta, ko tunani kawai yake, ya shiga uku: "Wane ɓari? Me ka ci? Awa nawa ka yi barci?" Ni a gidanta hannuna a aljihu yake wuni.

Bara ta kafa wa Mama doka: lokacin barci, lokacin abinci, ruwa kofi takwas. Ta ba ta littafi da biro biyu, kore na ranar lafiya, ja na ranar ciwo. Wata shida, kore zalla. Yaya har rawa ta taka a ofis, ta fara rubuta rahoton da za ta kai taron masana.

Ran nan da rana muka biya gida ba sanarwa. Labule a sauke, Mama kwance da jiƙaƙƙen tsumma a goshi. Yaya ta buɗe littafin. Kore ne har ƙarshen watan gobe.

"Mama! Ranakun da ba su zo ba ma kin warke?"

"Yi a hankali, kaina," in ji Mama. "Na ga biron yana neman bushewa ne, na ce bari in rage aiki."

"To jan fa?"

"Na ba malamar nan maƙwabciyarmu, tana duba jarrabawa."

Na ƙunshe dariya har cikina ya ƙulle. Yaya kuwa ta zauna a bakin gado, idonta ya kawo ruwa. Ba rahoton ne ya dame ta ba, ta riga ta yarda ta warkar da uwarta. Wallahi sai tausayinta ya kama ni.

Mama ta lalubo hannunta. "Ke, shekara ashirin kina fama saboda ni. Da wane ido zan ba ki ja?"

Yaya ta miƙe. Ta ɗauke tsumman, ta je ta sake jiƙo shi.